Kin bar gidan haya, kuɗinki bai bar hannun mai gida ba

Duk wadda ta taɓa riƙe littafin asusu ta san lokutan da zubi yake tangal-tangal: tsakiyar bazara in rumbu ya yi ƙasa, gab da sallah, da watan Oktoba in yara za su koma lakwal. Akwai kuma wani dalilin da ba a cika faɗinsa a gaban taro ba, shi ne tashi daga gidan haya. Mace za ta ɗauki rance a akwati don ta biya kuɗin shiga sabon gida, tana lissafin cewa kuɗin da ta ajiye wajen tsohon mai gida za su fito cikin mako guda ta mayar. Mako ya zama wata, wata ya zama uku. Mai gida yana cewa "sai na duba gidan", ko "dawo jibi", ko ma ya daina ɗaukar waya. Ita kuwa ranar biyan rance ba ta jiran kowa. Rigimar da ta fara tsakanin mutum biyu sai ta shigo tsakiyar tabarmar ƙungiya, mata 25 ko 30 suna jiran kuɗin da ke aljihun wani Alhaji da ba su taɓa gani ba.

Shi ya sa maganar ta shafe mu duka, har waɗanda ke zaune a gidan gado. A Bukoki ko Talaje a Yamai, a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Tsoho a Maraɗi, a Zango ko Garin Malam a Damagaram, labarin kusan iri ɗaya ne, sai dai yawan kuɗin ya bambanta.

Avansi daban, kosiyo daban

Rabin faɗan daga nan yake tashi. Ranar shiga gida, mai gida ko dillali zai ce a kawo "wata huɗu", mace ta ƙirga ta miƙa, ba wanda ya tsaya ya raba su. Alhali kuɗin iri biyu ne. Avansi kuɗin haya ne da kika biya tun kafin watan ya zo, yana cinyewa da kansa yayin da kike zaune a gidan. Kosiyo kuwa ajiya ce, jingina ce da mai gida yake riƙewa ko da za ki ɓata wani abu ko ki tashi da bashi. Ba kuɗinsa ba ne. In kin tashi ba ki ɓata komai ba, ba a binki komai, kosiyo ɗinki ya dawo miki cif. In akwai abin cirewa, a cire shi da dalili, a ba ki sauran.

Bayan shekara uku ko huɗu, sai ki ji mai gida yana rantsuwa cewa duk wata huɗun avansi ne kuma kin riga kin zaune su. Ke kuma kina rantsuwa biyu ne avansi, biyu ajiya. Wani lokacin ma ba ƙarya yake yi ba, ya manta ne, ko kuma dillalin ne ya karɓa ya kai masa abin da ya ga dama. To kafin ki buɗe baki da kowa, ki zauna ki tattara abin da ke hannunki: kontara in an rubuta, rasin da ya ba ki, takardar aika kuɗi ta NITA ko Amana ko Al Izza, saƙon Airtel Money ko Moov da ya rage a salula, muryar WhatsApp da ya taɓa aiko miki yana cewa ya ga kuɗi. In babu ko ɗaya, ki tuna wanda yake wurin ranar da aka ƙirga kuɗin. Dillali shaida ne, maƙwabciyar da ta raka ki shaida ce. Kuma in daga akwati kika ɗauki rancen shiga gidan, littafin ƙungiya yana ɗauke da rana da adadi. Littafin ba zai nuna cewa kuɗin sun shiga hannun mai gida ba, amma zai nuna kin fito da su a wannan makon, kuma masu sulhu suna sauraren irin wannan.

Akwai wata dabara da masu haya da yawa suke yi: su daina biya wata biyu kafin tashi, su ce a ci a cikin kosiyo. Na gane dalilin, tsoro ne kada kuɗin su maƙale. Amma in ba da yardar mai gida aka yi ba, ke kika fara ba shi abin riƙewa, domin a gaban mai unguwa abin da za a fara ji shi ne "ba ta biya ni wata biyu ba". In kina son haka, ki nemi yardarsa tun da wuri, ya faɗa a gaban mutum biyu ko ya aiko miki da murya.

Me ya lalace, me ya tsufa

Nan ne ya kamata a daɗe, don nan ake cin kuɗin mata.

Gida yana tsufa ko da mala'ika ne ke zaune cikinsa. Fenti yana kwaɗewa, siminti yana farfashewa, ƙofar ƙarfe tana tsatsa, rufin kwano yana yoyo, kan famfo yana sakin ruwa. Wannan tsufan ba a wuyan mai haya yake ba, ai kuɗin hayar da take biya kowane wata ladan amfanin gidan ne. Dokar zaman jama'a da kotunanmu suke aiki da ita, wadda ake kira kod sibil, ta faɗi haka: mai haya zai mayar da gida yadda ya same shi, ban da abin da ya lalace saboda tsufa ko saboda wani abin da ya fi ƙarfin mutum. Ƙananan gyare-gyare na yau da kullum, kamar gilashin da ya fashe, kuba da ta karye, makullin da ya ɓata, su ne na mai haya. Manyan kuwa, bango da rufi da ginshiƙi, na mai gida ne.

Abin da ya fi ƙarfin mutum, mun gan shi da idonmu a daminar 2024, lokacin da ruwa ya rushe gidaje masu ɗimbin yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. Macen da ruwa ya kayar da katangar gidan da take haya, ko bangon laka ya jiƙe ya zube, ba za a ce ta biya ba. Sai dai akwai wani sharaɗi na hankali. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kin ga tsaga a bango ko indararo ya toshe, kika yi shiru har ɓarna ta yi girma, mai gida yana da bakin cewa ba ki sanar da shi ba. In kin taɓa sanar da shi ya share, ki nemo saƙon ko wanda kika aika.

Ita wannan dokar tana da wani gefe da ba ya yi mana daɗi. In ba a rubuta halin da gidan yake ciki ba ranar shiga, ana ɗauka a kan cewa lafiya lau kika karɓe shi, sai in kin kawo shaidar akasin haka. Mu kuwa mu nawa ne aka taɓa zagayawa da mu ɗaki ɗaki da takarda ranar shiga antire-kushe ko shambur-salo? Makulli ake miƙowa a ce Allah ya sa a shiga a sa'a. To in haka ne, shaidarki ita ce mutanen da suka ga ɗakin kafin ki jera kaya, da tsofaffin hotuna. Ki duba salularki da ta ƙawayenki: hoton suna, hoton sallah, hoton amarya, sau da yawa a bayan mutane ana ganin tsagar nan da ake cewa ke kika yi, ga kuma kwanan wata a jiki.

Bari mu yi lissafi irin na tabarma, da misali. A ce haya jaka 20 ce a wata, kosiyo wata biyu, wato jaka 40. Mace ta zauna shekara huɗu a ɗaki ɗaya cikin gida mai ɗaki huɗu, kontar wuta ɗaya, masai ɗaya. Ta tashi. Mai gida ya ce: fenti jaka 25, gilashin taga jaka 4, wuta jaka 8, kwashe masai jaka 10. Jimla jaka 47. Ke nan ba abin da zai mayar, shi ne ma yake binta jaka 7. Mace ta ji haka sai jikinta ya mutu, ta ce a bar shi da Allah.

A tsaya a bi su ɗaya ɗaya. Gilashi, ɗanta ne ya fasa da ƙwallo, ta yarda, jaka 4 nata ne. Fenti, bayan shekara huɗu ai ko ba ta taɓa bangon ba lokacin sabunta shi ya yi, sai in kontara ta ce mai fita shi zai shafa. Amma akwai bango ɗaya da hayaƙin gawayi ya baƙanta saboda tana girki a ciki lokacin sanyi, wannan nata ne, a ce jaka 5. Wuta, faktir ɗin na gidan ne duka, ɗaki huɗu, rabonta jaka 2. Masai ma haka, jaka 10 a raba huɗu, jaka 2 da rabi. Abin da ke kanta ya zama jaka 13 da rabi. Abin da za a mayar mata jaka 26 da rabi. Daga "ana binki jaka 7" zuwa "kina bin jaka 26 da rabi", ba wani lauya da ya shiga, tambaya ce kawai aka yi: wannan na mene ne, nawa aka kashe, ina takardar, mu nawa ne muke amfani da shi?

Kada ki ji nauyin cewa a nuna miki faktir na NIGELEC ko na kamfanin ruwa, wanda yanzu ake kira NDE ko da yake bakinmu ya saba da SEEN. Faktir yana ɗauke da watan da aka yi lissafinsa da lambar da aka karanta. Abin da aka sha bayan ranar fitarki ba naki ba ne. In kuma da sunanki aka buɗe kontar, to wannan ya fi gaggawa a kan kosiyon ma: ki je ofishinsu ki rufe ko a canza suna, in ba haka ba wanda ya shiga bayanki zai yi ta shan wuta da ruwa, bashin yana taruwa a kan sunanki, ba za ki sani ba sai ranar da kika je neman kontar a wani gidan.

Makulli

Muddin makulli yana hannunki, mai gida yana iya cewa gidan yana hannunki, haya tana gudu. Mata da yawa suna kwashe kaya su riƙe makulli wai sai an ba su kuɗinsu. Wannan riƙon ba ya amfanar kowa sai mai gida, kowane mako yana ƙara masa abin cirewa. A miƙa makulli da rana tsaka, gaban shaidu, a zagaya ɗakin tare, a ɗauki hoton bango huɗu da ƙasa da rufi da lambar kontar. In ya ƙi zuwa ko ya ƙi karɓa, a kai makullin wajen mai unguwa, a faɗi ranar. Kada a ba yaron gida ko mai gadi a tafi.

Maganar sanarwa ma tana nan. In kontara ta faɗi tsawon lokacin da za a sanar kafin tashi, shi za a bi, kuma in kika tashi ba sanarwa, kada ki yi mamaki in an nemi kuɗin wannan lokacin. Masu shago da masu wurin ɗinki ko kitso ko gidan abinci su lura, tasu dokar daban ce. Hayar wurin sana'a tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar take cikinta tare da sauran ƙasashen yankin, kuma a can in hayar ba ta da ranar ƙarewa, wanda yake son ya raba gari sai ya sanar wata shida kafin lokacin, ta hanyar da za a iya tabbatar da cewa sanarwar ta isa. Wata shidan nan yana kare ki in mai shago ya tashi korarki da rana ɗaya, yana kuma kama ki in ke kika kulle kika tafi.

In ya riƙe miki kaya

Wannan shi ya fi ciwo. Mace tana da bashin wata biyu, ta fara kwashe kaya, kafin a dawo ɗaukar na biyu an sa sabon kwado a ƙofa. A ciki akwai keken ɗinki, ko firijin da take saida ƙanƙara da lemun zoɓo, ko injin markaɗe, wato abin da za ta nemo kuɗin biyan bashin da shi. Ko kuma kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata.

Bashi gaskiya ne, a biya shi. Amma bin bashi bai ba mutum ikon ya zama shi ne alƙali shi ne ɗan sanda ba. Kama kayan wanda ake bi bashi yana da hanyarsa, ta kotu ce, kuma ma'aikacin shari'a da ake kira wisiye ne yake zuwa ya rubuta kayan ɗaya ɗaya. Mai gida da ya kulle kayanki da hannunsa, balle ya saida su, ya fita daga hanya. Ke kuma kada ki ɗauko ƙaninki da guduma a fasa ƙofa, don nan take laifin zai juyo kanki. Ki rubuta jerin kayan da ke ciki tun kina tunawa, ki nemo waɗanda suka san su, ki nufi mai unguwa a ranar. In an yi miki barazana, ko an taɓa jikinki, ko kin ji an fara fitar da kayan, wannan maganar komisariya ce ko jandarma.

A ɗaya gefen, wasu masu gidan suna tsorata mata da sammaci, "zan sa a rufe ki". Bashin haya ba sata ba ne, magana ce ta tsakanin mutum da mutum. In sammaci ya zo ki je, kada ki ɓuya, ki tafi da takardunki da wata babba daga ƙungiya. Kuma kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba da harshen da kike ji. In an rubuta da Faransanci, ki ce a fassara, ki ce a ba ki kwafi.

Yadda ake bin kuɗin

Fara da magana mai daɗi, ba don kina jin tsoro ba, don ita ce mafi arha. Mai gida mutum ne mai son a ga girmansa, kuma sau da yawa gaskiyar maganar ita ce ya cinye kuɗin tuntuni, kunya ce take sa shi zille-zille. In kika tsare shi a bakin masallaci kina ɗaga murya, kin rufe masa ƙofar da zai fita da mutunci, daga nan sai taurin kai. Ki aika masa murya ko takarda, gajeriya, mai rana da adadi. Kamar haka:

"Salamu alaikum Alhaji, ina wuni, ya iyali? Ni ce wadda ta tashi daga ɗakin kusa da zaure ranar 30 ga wata. Na miƙa makulli gaban Malam da maƙwabciyata. Ajiyata jaka 40 tana wajenku. Na yarda a cire na gilashi da rabona na wuta. Don Allah Alhaji a sa mini ranar da zan zo mu yi lissafi, nan da Juma'a mai zuwa, saboda nima rance na ɗauka a ƙungiyarmu kuma lokacin biya ya matso. Allah ya ƙara girma."

Kin gaishe shi, kin faɗi adadi, kin nuna akwai shaidu, kin amsa naki laifin, kin sa lokaci, kin kuma sanar da shi cewa akwai mata a bayanki. Kada ki goge saƙon. In ya amsa da "to, zan ba ki", wannan amsar kanta shaida ce cewa kuɗin suna wajensa. In ya ce ba shi da su gaba ɗaya, ki karɓi biya kashi kashi, amma a faɗi ranaku. A ganina jaka 10 yau da jaka 10 ƙarshen wata sun fi jaka 26 da ake ta alkawari.

In magana ba ta yi ba, sai mai unguwa. Wasu suna ganin zuwa wajensa al'ada ce kawai, alhali doka ta san da shi. Dokar sarakunan gargajiya ta 2015 ta ba su ikon sasanta mutane a irin waɗannan rigingimu, kuma ta ce a rubuta takardar abin da aka yi, ko an sasanta ko ba a sasanta ba. Wannan takardar ce ya kamata ki nace a kanta. Sau nawa ake zama, a yi addu'a, a ce "shi ke nan an gama, Alhaji zai duba", a watse ba adadi ba rana? Ki ce cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, a taimake ni a rubuta nawa ne, kuma yaushe." Mai unguwa mai sulhu ne, ba ya tilasta wa kowa, kuma kada mu ɓoye wa juna, shi da mai gidan sun daɗe tare a unguwar, ke kuwa kin riga kin tashi. Shi ya sa ba a zuwa ke kaɗai. Shugabar ƙungiya da magatakarda su raka ki da littafi a hannu. Zaman da mace ɗaya ta je tana share hawaye da gefen mayafi daban yake da zaman da mata uku suka je suka buɗe lissafi.

Daga nan sai gidan shari'a, jastis kamar yadda muke faɗi. Ƙasarmu tana da dokar haya tun 1996, kuma kotun yankin da gidan yake ita ce mai duba maganar. Kafin ki kai kanki can, ki nemi shawara kyauta. Akwai hukumar ANAJJ, wadda gwamnati ta kafa da dokar 2011 don taimakon masu ƙaramin ƙarfi a harkar shari'a, tana da ofisoshi a manyan kotunan jihohi. Akwai kuma ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar, AFJN. Su za su duba takardunki su gaya miki ko maganar ta kai a shigar, da abin da za ki kashe. Ki yi lissafin nan da idon basira: kuɗin takardu, kuɗin wisiye in an buƙace shi, kuɗin adaidaita ko kabu-kabu, da ranakun da ba ki kasa kaya ba. A kan jaka 15, da wuya ya biya wahala. A kan jaka 150 na shago, ko keken ɗinkin da aka kulle, ya biya. Kuma sau da yawa ba a kai ga zaman kotu, takardar farko da ta isa hannun mai gida daga wisiye takan sa a tuna inda aka ajiye kuɗin.

In ba da sunanki aka kama gidan ba

Da yawa daga cikinmu maigida ne ya kama hayar, sunansa ne a rasi, ko da kuwa daga cinikin ƙosai ko rabon asusu kuɗin suka fito. Sai ya tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya ko Abijan, ko aure ya mutu, ko Allah ya yi masa rasuwa. Mace ta je karɓar ajiya a ce mata "ba da ke na yi magana ba". In mijin yana raye kuma ana shiri, abu ne mai sauƙi: ya kira mai gidan a gaban shaidu, ko ya aiko da murya yana cewa a ba iyalina. In saki ne, kuma ke kika fitar da kuɗin, to maganar ta zama biyu, ɗaya da mai gida ɗaya da tsohon miji, kuma gara a haɗa ta cikin lissafin da waliyyai za su yi na kayanki tun kafin a watse. In rasuwa ce, ajiyar ta shiga cikin abin da za a duba wajen rabon gado, sai a sanar da wanda aka ɗora wa kula da dukiyar, kada a bar ta ta ɓace don kowa yana jin nauyin tambaya. Haka in mai gidan ne ya rasu, ko ya saida gidan: ajiyarki ba ta mutu da shi ba, a je wajen magada ko a zauna da tsohon mai gida da sabon a ji wanda ya karɓi nauyin.

Abin da akwati zai iya yi

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ƙarfin tsarin shi ne komai a gaban kowa ake yinsa, a ƙirga da ƙarfi, a rubuta. Wannan halin ne babu a harkar haya, kuma muna iya kai shi can. In ƴar ƙungiya ta nemi rance don shiga sabon gida tana cewa za ta biya da tsohuwar ajiya, a tambaye ta tun kafin a buɗe akwati: an yi lissafi da mai gidan? Ya faɗi rana? In bai faɗa ba, a tsara mata biyan da cinikinta zai iya ɗauka, kamar ajiyar ba za ta fito ba. In ta fito, sai ta biya da wuri. Wannan ba rashin yarda ba ne, kare ta ne daga tara da kunyar taro. Ƙungiya tana iya ware mata biyu masu raka duk wadda za ta shiga gida ko za ta fita, ɗaya mai karatu ɗaya mai salula mai hoto. Kwafin kontara da rasin ajiya kuma a sa su cikin leda a ajiye wajen magatakarda, don a gida gara da ruwan sama da yara ba sa barin takarda ta shekara huɗu.

Sannan a cikinmu akwai masu gida. Akwai waɗanda da rabon asusu suka sayi fili, suka tada ɗaki biyu ko uku, yanzu su ake kira Hajiya mai gida. Ƴan uwa, mun san yadda ake yi: an karɓi kosiyo ranar Litinin, ranar Laraba an sayi siminti da shi, ko an ƙara jari. Bayan shekara biyu mai haya ta ce za ta tashi, babu kuɗin, sai a shiga ɗakin ana laluben tsaga da tabo. Wadda take da masu haya ta ware kuɗin ajiya daban, ta rubuta sunan mai su a jiki. In tana tsoron hannunta, ta zuba su a asusu a matsayin ajiya, ta sanar da magatakarda cewa na mai haya ne, ba za a haɗa su da rabonta ba. Ranar da aka kawo mata makulli ta zagaya ɗakin tare da mai fita, ta faɗi abin da za ta cire da dalilinsa, ta nuna faktir, ta ƙirga sauran a gaban shaidun da suka zo.